Alwala a Kan Safar Nailan

Ni mutum ne mai tsari, ba na yin abu sai na ga manya sun yi. Shekarar da kuɗin fetur ya kawo ƙarin albashi, ina kula da sito a wani ofishi a Wudil. Da farko na sayi takalmi sau-ciki. Na biyu, na sayi safar nailan baƙa wuluk. Na uku, na ga wani Alhaji daga Kano yana alwala, da ya zo wankin ƙafa sai kawai ya shafa ruwa a kan abin da ya saka. Na ce ashe haka wayayyu suke yi.

Limamin ofis ya tafi Indabo jinyar mahaifinsa, aka tura ni gaba saboda ba na wasa. Kwana tara ina jan azahar da la'asar, ina shafa safata, ina yi wa masu wanke ƙafa kallon ƙauyawa.

Ranar da liman ya dawo, ya tsaya a kaina ina alwala.

"Mai sito, me nake gani haka?"

"Shafa ce, Allah gafarta Malam, irin ta Alhaji."

"Na Alhaji huffi ne, na fata. Wannan ko koko sai a tace da ita. Ba ka da alwala. Duk wanda ya bi ka, ya rama sallarsa."

Wuri ya ruɗe. Direba ya rantse ranar Talata yana Kausani, akawu ya ce ƙarya ne, sahu ɗaya suka tsaya. Ni kuwa na kasa ganewa, na Alhaji baƙi, tawa baƙa.

Har yau in na shiga masallaci, sai wani tsoho ya leƙa ƙafata ya ce, "Liman, a tayar, ko mu jira ka tuɓe?"