Liyafar Uban Zumunci

Duk Singafo, daga filin jirgi har bakin teku, babu mai ƙaunar ƙananan ƙabilu kamar manajanmu, Mista Alvin Seah. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mai mota irin tasa ai ba ya ƙarya. Mu a ɗakin shayi Uban Zumunci muke ce masa. Ranar bikin Indiyawa ya ɗaura zane irin nasu. Ranar Sallah ya kafa baƙar hular Malay a karkace, kamar kwanon da aka kife ya tsane. Bawan Allah yana sonmu ƙwarai, musamman in mai hoto yana kusa.

Kamfaninmu na dakon kaya ne ta jirgin ruwa. Ma'aikata arba'in, kusan duk Sinawa. Malay mu biyu ne: ni tsohuwa mai shayi, sai Hairul Sapari, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tsara wa jirage hanya. Da shugaban sashensu ya yi ritaya, Hairul ya sa rai da kujerar. Abokin takararsa Terence Goh ne, wanda shi Hairul ɗin ya koya wa aiki.

Sai dai mu ba a ofis muke raba kujera ba. Kowace Juma'a da rana Uban Zumunci yakan kwashi mutanensa zuwa shagon farfesun haƙarƙarin alade. A can ake yanke komai, da Sinanci, ana tsotsar ƙashi. Hairul yana masallaci. Litinin ya zo ya tarar an gama magana.

Hairul ya sami Uban Zumunci cikin ladabi, ya ce, "Oga, ni ma ina so a riƙa shawarar da ni."

Uban Zumunci ya dafe ƙirji. "Haba ƙanena! Ni za ka gaya wa? Ni da maƙwabcin kakata Malay ne! Tun ba a haife ka ba nake cin shinkafar kwakwa irin taku. Bar min komai, za ka sha mamaki."

Mako biyu yana shiri. Ya kafa kwamiti, ya naɗa kansa shugaba. Ya ɗauko masu abincin halal, ya sa aka buga takardar shaidarsu aka rataye a bango. Cokula ma sababbi, a ledarsu. Daga ni har Hairul bai tambayi kowa ba, wai kada ya ɓata mamakin.

Mamaki kam mun sha. Juma'a ya sa liyafar, ƙarfe ɗaya na rana, sha biyu ga watan azumi.

Ni na jera tsiren, bakina a bushe, ƙamshin miyar gyaɗa yana zagina. Uban Zumunci ya miƙe ya fuskanci kujerar Hairul, wadda ba kowa a kai, ya yi jawabin minti ashirin. "A gidan nan ba ma ganin launin fata! Tsintsiya ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya!" Aka yi tafi da maiƙo a hannu.

Biyu da kwata Hairul ya dawo daga masallaci. Aka tura masa faranti.

"Oga, azumi nake."

"Na sani, na sani. Tsinke ɗaya fa! Halal ne, ga takardar can, je ka karanta!"

Litinin aka ba Terence kujera. Uban Zumunci ya yi bayani da muryar mai ta'aziyya: "Mun yi masa komai, ya ƙi cin abincinmu. Shugabanci sai mai shiga mutane."

Bayan Sallah Hairul ya ajiye aiki, wani kamfani ya ɗauke shi a irin kujerar da aka hana shi. Ya leƙo ɗakin shayi ya ce, "Makcik, ki yafe ni."

Na ce, "Tafi, ɗana. In sun shirya maka liyafa a can, ka fara duba wata."

Ba a yi kwana goma ba sai ga wasiƙa: alƙalan lambar yabo ta haɗin kan ƙabilu za su zo duba ofis, kuma Uban Zumunci ya riga ya rubuta musu cewa yana da Malay a sashen tsara jirage. Da safen ranar ya faɗo ɗakin shayi yana gumi.

"Makcik, taimaka! Cire rigar aikin nan, zo ki zauna a teburin Hairul. Ki dai riƙa kallon kwamfuta."

Na zauna abina. Shekara ashirin da shida ina wanke kofi, yau ga ni ina juya jirage.

Babbar alƙaliyar, wata Ba'indiya mai farin gilashi, ta tsaya a kaina tana murmushi. Ta fito da biro.

"Madalla, Mista Seah. Mene ne sunanta, in rubuta?"

Uban Zumunci ya buɗe baki. Ya dubi Terence, Terence ya dubi silin. Uban Zumunci ya ce, "Sunanta... Makcik."

"Wannan ai inna kawai yake nufi da yaren Malay. Sunanta nake tambaya."

Na ga abin zai daɗe, ga ruwa na bari a wuta. Na ce, "Ki yi masa uzuri, 'yata. Ko bai kira sunan ba, shayin yana zuwa."