Dusar Ƙanƙara a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da kukan murfin akwatin nan ba, ƙiii, ranar da na buɗe shi ina neman allura. A ƙarƙashin kaya na ci karo da katin da Madam, malamarmu ta ɗinki a lakwal, wato makarantar boko, ta ba ni. Hoton garinsu ne lokacin sanyi: gida guda, itace ba ganye, ƙasa ta yi fari fat, dusar ƙanƙara na zuba.

Shekarun yaƙin Turawa ne, yadi ya yi wuya a garinmu Buza, ga bikin Hadiza ƙanwar maigidana saura wata biyu. Matan gida kowa ta duƙufa saƙa faifai. Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) ina taɓe baki a zuci: faifai dai, faifai dai, tun kaka da kakanni. Dama uwar mijina na cewa 'yar lakwal ba ta iya komai ba sai riƙe alƙalami. Na ce to, bana za ta gani.

Na yanka baƙin zanena na saƙi, na kaɗa farin zare da kaina. Duk ɗarin nan, da na sallame asuba sai in zauna bakin murhu, yatsu na ƙagewa, ina ɗinka hoton katin nan a kan zanen, ɗigo bayan ɗigo. (Ni da ban taɓa ganin dusar ba, sai ƙanƙarar damina mai fasa ƙwarya.)

Ranar jere na rataye shi a bangon amarya, na koma gefe ina gyara ɗankwali, ina jiran guɗa.

Maimakon guɗa, sai Goggo Tambara, yayar uwar mijina, ta matso har hancinta na shafar zanen.

"Ɗiyata, mi kinka ɗunka nan?"

"Lokacin sanyi ne, Goggo, a ƙasar Faransi."

"Sanyi? Sama ta yi baƙi, icce an cinye ganye, gona ba kara guda, ga abu na saukowa ya ruhe gari. Wagga ai shekarar hwara ce, mu munka gan ta. Ita amarya za ta buɗe ido da ita kullum sahe?"

Wata daga baya ta ce, "Ilimi ke nan. Mu jahilai sai hwaihwai." Ɗaki ya ɗauki dariya.

Uwar mijina ba ta yi ba. Ta sauke zanen, ta ninke, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Sai a lokacin na tuna 'ya'ya biyu ta binne a shekarar da fara ta cinye gonaki. Da ƙasa za ta tsage, da na gode mata.

Tun daga ranar, kafin in yi wa mutane gwaninta, sai na tambayi abin da idonsu ya taɓa gani.

Da la'asar ina zaune ina warware ɗinkin, ɗiyata Rabi, 'yar shekara biyar, ta riƙe mini hannu.

"Inna, kar ki ɓata. Ki ɗinka musu rumbu ko guda, su samu abin ci."