Tolget Babu Mai Karɓa

Ko zan manta da komai na zuwana Amurka na farko, ba zan taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin da na zuba babbar rigata ta shadda, na jefa maganin hawan jini da buroshin haƙori a aljihu, na tafi miƙa kaina ga 'yan sanda ba. Da ƙafata na je, babu wanda ya aiko kirana. Bari dai in faro daga farko, don a san ba haka kawai mai furfura yake zubar da girmansa ba.

'Yata ta fari, wadda nake kira Ummi saboda sunan mahaifiyata gare ta, tana aure a Greensboro. Aikin jinya take yi, mijinta Usman kuma yana karatu a jami'a. Da cikinta ya tsufa suka gayyace mu ni da uwarta, muka sha layi a Abuja, Allah ya taimaka aka buga mana biza. Kafin mu taso, wani abokina da ko Legas bai cika zuwa ba, amma ya fi kowa sanin Amurka, ya zaunar da ni ya yi mini huɗuba. Ya ce ƙasar nan ba ta mantuwa kuma ba ta yafiya. Laifi ɗaya za ka yi a kan titi su shigar da sunanka kwamfuta, shi ke nan kai da biza har abada. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta shige ni.

Ran Lahadi muna shirin hawa jirgi aka kira mu: Ummi ta sauka lafiya, an sami mace. Na yi amarya ke nan. Usman yana asibiti, ya ce zai turo abokinsa ya ɗauko mu daga filin jirgin Raleigh, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Ni kuwa sai girman kai ya motsa.

"Usman, kada ka wahalar da kowa," na ce masa. "Shekara talatin ina tuƙi. Hanyar Kano zuwa Kaduna kamar tsakar gidana take. Motar haya zan ɗauka, ku dai ku gan mu."

(Hajiya, uwar Ummi, ta harare ni a lokacin. Na yi kamar ban gani ba.)

A wurin hayar mota wata yarinya ta yi ta jero mini tambayoyi da Turancin nan nasu na cikin hanci. Ni kuma ƙa'idata a baƙon wuri ɗaya ce: duk abin da aka ce in ƙara, in ce a'a, kada a ga baƙo a yi masa wayo. Kana son kaza? A'a. Kaza fa? A'a. Har ta buɗe baki za ta yi wani dogon bayani na ɗaga mata hannu, na ce na gode, na san komai. Sai daga baya na gane bayanin kuɗin hanya take ƙoƙarin yi mini.

Muka hau titi da la'asar. Hajiya ko minti biyar ba ta yi ba barci ya kwashe ta. Matar nan mai nuna hanya da ke magana a cikin waya ta ce in riƙe hanyar da nake kai, ni kuma na ga wata ta dama ta fi kama da hanyar gari, na bi son raina. Can sai ga ƙaton allo yana sanar da cewa wannan hanya ta biya ce. Ban damu ba, ai na san tolget. Na yi zamanin da ake da shi a hanyar Kaduna: ka sauke gilas, ka miƙa kuɗi, a ba ka rasit, masu gyaɗa da ayaba su yanyame ka. Na zaro dala daga aljihu, na rage gudu, na sauke gilas.

Babu rumfa, babu shinge, babu ɗan Adam ko ɗaya. Sai wani dogon ƙarfe da aka gitta a saman titi, an jera masa kyamarori. Ina shiga ƙarƙashinsa wani haske ya yi wal. Na baya suka danna mini oda, na firgita na taka mai. Na ce a raina wataƙila mai karɓar yana gaba. Gaba kuwa wani ƙarfen ne, wal. A na uku sai na fito da hannuna ta taga, na ɗaga wa kyamarar kuɗin, don dai hukuma ta shaida ina da niyyar biya. Iska ta kusa fizge su.

Da na samu na dawo hanyar Greensboro, rigata ta jiƙe sharkaf. Lissafina a sarari yake: na tsallake tolget uku ban biya ba, an ɗauki hotona sau uku, kuma ko kwana ɗaya ban yi a ƙasar ba.

Gidan su Ummi a unguwar Glenwood yake, ɗan ƙaramin gida kusa da jami'a, ɗalibai suna ta wucewa a kan keke. Na lura lambar motar ɗaya ce, a baya take, sai na yi ribas na manna ta da shingen gidan har sai da reshe ya karce ta. Washegari aka sallamo mai jego. Gida ya cika da 'yan barka, Hajiya ta ɗora tuwo da miyar kuka, ƙamshin daddawa ya kai bakin titi, ni kuwa loma biyu nake yi in ture kwano. Na kafa kujera a bakin taga. Bas ta tsaya, na leƙa ta labule. Motar kwashe shara ta zo, na miƙe tsaye. Mai kawo wasiƙu ya nufo ƙofar, wallahi har na fara kalmar shahada.

Aka kawo mini jaririyar in ɗauka, na ce mura ke damuna. Ƙarya ce, lafiyata ƙalau. Tsoro nake in ɗauke ta, in saba da ɗuminta, sannan a sa ni a jirgi a ce ba zan sake ganinta ba sai ta waya. Ban damu da a ci ni tara ba, ban ma damu da a kulle ni kwana biyu ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne a rufe mini ƙofar ƙasar da 'yata da jikata suke ciki.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Usman. To, ni da na cika wa surukina baki da shekara talatin, in koma in ce masa tun ranar farko na zama mai laifi? Hajiya kuwa da na gaya mata, har in mutu ba zan daina jin "ai sai da na faɗa maka" ba, ko da yake ba ta faɗa ba, harara kawai ta yi.

Ran Laraba wani dattijo ya zo barka, Alhaji Idi, mutumin Maraɗi, mai shagon kayan abincin gida. Ya fi shekara ashirin a garin, duk wanda ya shiga matsala shi ake nema. Na raka shi har mota, na rage murya.

"Alhaji, na yi ɓarna a kan hanya ranar da muka sauka. Kuma ban tsaya ba."

Ya dafe ƙirji. "Ba ka tsaya ba? Inna lillahi. Akwai wanda ya gani?"

"Kyamara. Har sau uku. Abin da ya faru shi ne..."

"Tsaya, Malam, tsaya!" Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. "Kada ka ƙara gaya mini komai. A ƙasar nan abin da kunnenka ya ji, sai a kira ka shaida a kansa. Bon. Gobe da safe in raka ka komisariya, wajen 'yan sanda. Wanda ya kai kansa ana sassauta masa. Ina da lambar lauya, in abin ya yi zafi."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ai haka muka sani a gida: in ka yi laifi, ka nemi babban mutum ya shige maka gaba a je a ba da haƙuri.

Shi ne fa ran Alhamis na sa rigar da na ɗinka domin suna, na ce wa Hajiya za ni ganin shagon Alhaji. Na tsaya a ƙofar ɗakin Ummi na leƙa jaririyar tana barci, na juya da sauri kafin idona ya tona ni. Alhaji ya rufe shagonsa ya zo, shi ma cikin babbar riga, fuska kamar za mu gaisuwar mutuwa. Har muka isa carbi kawai muke ja.

A ofishin, wata 'yar sanda ce zaune bayan gilas. Na gyara tsayuwa, na kwaso Turancin da na yi shekaru ina rubuta takardun gwamnati da shi, na ce na zo ne in kai ƙarar kaina. Ta ajiye abin da take yi, ta ɗauki biro. Ta tambaya ko wani ya ji rauni. Na ce babu. Wace mota na buga? Na ce babu. Alhaji ya juyo ya dube ni. Sai na kwashe labari tas: allon, ƙarfen, hasken, har ɗaga kuɗin da na yi. Na rufe da cewa ni dattijo ne, ban taɓa cin haƙƙin hukuma ba, a dubi jikata a yi mini afuwa.

Baiwar Allah ta ciji leɓenta, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu ta daidaita, sai ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. Hanyar ba ta da mai karɓa, haka aka gina ta. Kyamarar lambar mota take karantawa, ba fuskata ba. Kamfanin haya ne zai biya, ya cire daga katina, ya ɗora ɗan ladansa. Ban yi laifin komai ba, kuma hanyar ma ba a garinsu take ba.

Da na yi shiru a nan, da da sauran mutuncina. Amma ina! Don in tabbatar an wanke ni, sai na zaro kuɗin nan na tura mata ta ƙarƙashin gilas, na ce to ta karɓa ta ba ni rasit. Ta ja da baya kamar na miƙa mata garwashi. Alhaji ya cafke hannuna.

"Kai, Malam! Yanzu ne za ka yi laifin gaske!"

Ya ba ta haƙuri, ya ja ni waje. Muna isa wurin mota ya zauna a gefen titi da babbar rigarsa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Tolget!" yake ta cewa yana share hawaye. "Ni da nake bin hanyar nan duk sati ɗauko kaya! Na kwana ina yi wa mamaci addu'a, ashe tolget ne!"

Kunyar ba ta ƙare a nan ba. Ashe Alhaji ya gaya wa matarsa cikin sirri, ita ma ta gaya wa wata cikin sirri. Kafin mu dawo, labari ya isa Glenwood cewa surukin Usman ya kaɗe mutum ya gudu. Muka tarar Hajiya a kan sallaya, Usman yana ta neman makullin mota. Alhaji ya ba da labarin tun daga ƙofa, da ƙari irin nasa. Usman, ɗan albarka, ya riƙe dariyarsa saboda kunyata har sai da ya shige kicin, na ji shi yana tari.

Ummi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kira ni ɗaki, idonta jajur.

"Baba, dama abin da ke damunka ke nan? Tun da aka kawo yarinyar nan ba ka taɓa ta ba. Ba ka cin abinci, ba ka kallona. Na ɗauka fushi kake da ni don na ƙi dawowa gida. Kullum sai na yi kuka a banɗaki don kada Mama ta gani."

Duk dariyar da aka yi mini a ranar ba ta yi mini zafin wannan magana ba. Ina can bakin taga ina tsaron girmana, ashe mai jego nake azabtarwa. Na ce, "Ummi, ki yafe mini. Tsoron a raba ni da ku ne ya sa ni wannan wauta." Ta ce da na tambaya, ai minti ɗaya ya isa. Sai na miƙa hannu na ce a ba ni amaryata. Aka ɗora mini ita, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta yi mini fitsari a kan shaddar suna.

Ran suna babu wanda ya kira ni da sunana, kowa sai "Alhaji Tolget, ina gajiya?" Na amsa, don na ci a kira ni. Kuɗin kuwa da ya fita daga katina bayan sati biyu, ladan kamfanin ma ya fi na hanyar yawa, kuma duka bai kai abin da muka ci ni da Alhaji a gidan abinci ranar da na mai da motar ba.

Bizata tana nan lafiya. Bana ma za mu koma, yarinya ta fara tafiya, an ce duk abin da ta gani sai ta nuna da yatsa ta nemi a gaya mata sunansa. Na ce wa Ummi ta bar ta ta yi ta tambaya, kada ta gaji halin kakanta. Ni ma yanzu na koyi darasi: abin da ban sani ba ina buɗe baki in tambaya, ko da surukina ne. Na riga na kira Usman na ce ya zo filin jirgi ya ɗauke mu da kansa, kuma a kujerar baya zan zauna.