Masu Wutsiya a Fadamar Gauta

Tun zamanin kakanni, doka ɗaya ce ke riƙe da kwaɗin Fadamar Gauta: mai wutsiya ba ya magana a majalisa. Ɗan kwaɗo yakan zo duniya da wutsiya, yana iyo kamar kifi, ba ƙafa, ba murya. Sai ya yar da ita ya hau tudu sannan a saka shi cikin jama'a, a saurari kukansa. Dokar ba ta taɓa cutar da kowa ba, domin kowa yakan yar da tasa kafin damina ta raba tsakiya.

Sai mai gonar shinkafar da ke saman fadama ya sayo tankin feshi. Duk ranar da ya fesa maganin ƙwari, ruwan sama ya wanke shi zuwa magudana, magudana ta kawo abu biyu: matattun fara, tuli guda, da wani ruwa mai ɗaci wanda ke sa fata zogi. Fara takan tsaya a gindin tudun da manya ke zama. Ruwan kuwa yakan wuce zuwa kududdufan talakawa.

A ɗaya daga cikinsu 'ya'yan wata uwa mai suna Delu suke. Damina ta kusa ƙarewa, ruwan kududdufin yana ja baya kullum, amma ko ɗaya bai yar da wutsiya ba. Wasu sun fitar da ƙafa ɗaya sun tsaya nan. Wasu suna iyo a karkace, suna zagaye wuri guda. Delu ta san in ruwan ya ƙafe suna haka, a taɓo za su bushe. Saboda haka ta hau tudu ranar zaman majalisa.

Shugaba Ɓaidu, wani ƙaton burduddugi wanda rabonsa da farauta tun farkon feshi, yana kishingiɗe. Alƙali Jatau yana damansa, da ƙafar fara a gefen baki.

Delu ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba abinci na zo roƙo ba. A toshe magudanar nan da taɓo. In duk muka fito, kafin rana ta take mun gama. Ruwanta ne ya hana yaranmu girma."

Ɓaidu ya kumbura maƙogwaro, ya dubi jama'a, ba ita ba.

"Ya ku 'yan Fadamar Gauta," in ji shi, "kakanninmu sun yi ta tsalle a bayan fara har gwiwoyinsu suka lalace. A zamaninmu, fara ke zuwa da kanta. Wannan shi ake kira ci gaba. Muna jajanta wa wannan baiwar Allah, kuma majalisa za ta duba lamarin da idon basira."

Aka yi ƙwar-ƙwar ta amincewa.

"Dubawar har yaushe, ranka ya daɗe? Ruwan ba ya jiran majalisa."

Alƙali Jatau ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Ke Delu, ke ce ba ki da lafiya?"

"Yarana ne, Allah ya gafarta malam."

"To mai ciwo shi ke kawo ƙara. Su zo su faɗa da bakinsu."

"Da wace ƙafar za su hau tudu? Da wace muryar?"

"Ato, kin ga matsalar ke nan," in ji Jatau, ransa fari ƙal. "Suna da wutsiya."

Wata tsohuwa daga bayan taro ta ce nata jikokin ma haka suke. Wani ya ce nasa tun makon jiya suka taso saman ruwa, ciki a sama. Gunaguni ya fara yawa, har Ɓaidu ya gyara zama. Delu ta ɗauka yau kam za a ji kunya. Manya suka haɗa kai suna raɗa. Da suka ɗago, Jatau ne ya miƙe.

"Majalisa ta yi nazari mai zurfi. Halittar da ke zaune a ruwa, tana da wutsiya, ba ta da murya, kuma damina ta kusa wucewa ba ta sauya ba, wannan ba kwaɗo ba ce. Kifi ce. Saboda haka babu ɗan kwaɗo ko ɗaya da ke ciwo a Fadamar Gauta, alhamdulillahi. Kifaye kuwa ba talakawanmu ba ne, talakawan Tarwaɗa ne, sarkin kifayen rafi. Adalci shi ne a buɗe masa hanya daga rafi ya zo ya karɓi jama'arsa."

Iyayen da suka yi gunaguni suka sunkuyar da kai, kowa yana lissafin ko nasa kududdufin yana nesa da rafi.

Ba a taɓa ganin majalisa ta gama aiki da sauri kamar wannan ba. Waɗanda suka ƙi toshe magudana, su suka haƙa hanya daga rafi har kududdufin Delu kafin la'asar.

Delu ta zauna a bakin hanyar, ta baza ƙafafu ta tare ta. Ruwan ya yi motsi, gashin baki ya fito, sannan faffaɗan kai.

"Sannu, uwar yara," in ji Tarwaɗa cikin ladabi. "Ɗan matsa mini. Aikin hukuma ne."

"Ba su da lafiya," in ji ta. "Abin da ke jikinsu zai shiga naka."

"Haka kowace uwa ke cewa."

Ya ture ta da kafaɗa kamar ganye, ya wuce. Ba a ji ƙara ba, domin masu wutsiya ba su da murya. Da ya fito, cikinsa har yana jan ƙasa, ya yi mata godiya, ya koma rafi a hankali, yana ɗan karkacewa.

Delu ta bi shi da ido har bakin rafi. A can, mai gonar shinkafa ya sauke tankinsa a kan ciyawa, ya naɗe ƙafar wando, ya zauna yana soka tana a ƙugiya. Yaransa sun ce yau miyar kifi suke so.