Ranar da na yi wa duwatsun Adda wanka

Akwai wata Alhamis da ko na so mantawa ba za ta mantu ba, amma bari in fara da tsoron da nake ɗauke da shi kafin ta zo. Tun ina da cikin Hanifa na ji a rediyo cewa can wajen masu haƙar zinariya ƙurar dutse tana kashe yara, wai gubar dalma ce a ciki. Ni kuwa Allah Ya yi ni da saka abu a rai. Ga Hanifa ta fara rarrafe, kome ta gani sai baki: takalmi, gawayi, har kashin kaza na taɓa ƙwatowa (kar ku tambaye ni ko duka na ƙwato).

Ana cikin haka Adda Rukayya, ƙanwar maigidana, ta dawo gidanmu na unguwar Bagadaza a Gombe da zama. Karatun duwatsu take yi a jami'a, digiri na biyu. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, ko gaisawa za mu yi sai na gyara ɗaurin zane. Wallahi ba ta taɓa raina ni ba. Ni ce dai kullum nake jiran ranar da za ta gane kaina ba ya ja.

Da wani buhu ta zo, duwatsu ashirin da biyu da ta faso da hannunta a dajin Birnin Gwari. Wata rana ina tsince shinkafa ta ɗago ɗaya.

"Maman Hanifa, kin ga wannan? Tun babu mutum a duniya yake. Narkakken dutse ne ya ɓullo daga cikin ƙasa a ƙarƙashin teku, ruwa ya sanyaya shi ya dunƙule kamar matashin kai. Daga baya ƙasa ta danne shi, zafi ya gasa shi, shi ya sa ya yi kore-kore. A tsagar irinsa ake samun zinariya."

"Teku a Birnin Gwari, Adda?"

"A da can, kafin ya janye."

Duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta maƙale mini: zinariya.

Ranar Alhamis ɗin ta tafi makaranta ta bar ƙofarta a buɗe. Ina leƙawa na ga Hanifa zaune gaban buhun tana lasar dutse kamar an ba ta alewa. Salati na saka, na ɗura mata manja har ta yi amai a jikina. Da na ga tana dariya, sai na juya kan duwatsun. Na jawo baho, na zuba omo, na ɗauko soson ƙarfe. Kowanne da 'yar takarda manne a jiki, da lamba da kibiya da jan fenti. Na ce shi ma fentin ai guba ne. Na goge su tas har yatsuna suka saɓule. Da suka bushe na ga sun yi furu-furu, sai na shafe su da man kaɗe (e, har da shi), na jera su a babban tiren aurena, manya a baya, ƙanana a gaba.

Da la'asar Adda ta shigo da ƙawarta Rifkatu, 'yar Kaltungo, za su kai duwatsun inda ake yanka su siriri a duba da madubin da ke ƙara girman abu. Na tarye su da tire a hannu, bakina har kunne.

"Adda, ga 'ya'yanki na yi musu wanka."

Rifkatu ce ta dafe ƙirji. "Yesu! Ina lambobin?"

Adda ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa da fararen kayanta, tana juya dutse ɗaya bayan ɗaya. Murya can ƙasa ta ce lambar ce ke nuna inda aka ciro kowanne, wanne ne a sama, wanne ne a ƙasa, kibiya kuma inda yake fuskanta. Bayanin yana littafinta, amma yanzu littafin bai san dutsen ba, dutsen bai san littafin ba. Hotunan wayarta ma na tsaunin ne, ba na gutsattsarin ba.

Sai bakina ya ƙara mini: "To a koma a ɗebo wasu mana."

"Baiwar Allah," in ji Rifkatu, "ƙauyen da suka sauka 'yan bindiga sun tashe shi. Wa zai kai ta?"

Na gaya musu maganar dalma ina kuka. Adda ta dubi Hanifa, ta dube ni. "Babu dalma a cikinsu. Da kin tambaye ni."

Na iya lamba, kuma idona ba ya mantuwa. Mai farar jijiya kamar kitse a nama shi ne bakwai, mai ƙananan ramuka goma sha ɗaya. Huɗu na gane. Malaminta ya ce huɗu ba su isa a ce ga asalin dutse ba. Shekararta ta tafi, yanzu duwatsun yashi na bayan gari take bi, ita da ta tsallake daji don tekun da ya ɓace.

Har yau tana gaishe ni, tana sayo wa Hanifa biskit, kuma wannan ya fi mari zafi. Sha takwas ɗin suna bayan randa, suna ta ƙyalli, babu dutse a Gombe da ya kai su tsabta. Na gane ba rashin karatu ne ya ci ni ba, tsoron a ga rashinsa ne ya hana ni yin tambaya.

Don Allah, in kun ga rubutu a jikin abu, ko da dutse ne, ku ajiye soso ku jira mai shi.