Rasuwar Cikon Haƙorin Mai Labarai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da leɓe a rufe ruf, Mai Labarai na gidan rediyon nan yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar cikon haƙorinsa na gaba, na sama ta hagu, wanda ya bar mazauninsa jiya da hantsi bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya shigo bakin ne tun Mai Labarai yana saurayi, ranar da babur ya kayar da shi gefen haƙorin ya ɓalle. Likita ya cike gurbin da farin ciko, ya goge shi har ba a gane shi. Tun daga nan bai taɓa neman hutu ba. Ya sha shayi mai zafi, ya tsinke zare, ya yage leda, duk bai yi ƙorafi ba. Iyakar maganarsa ɗan "ƙis" idan cokali ya taɓa shi. Da shekaru suka ja ya rine tare da maƙwabtansa, kuma babu wanda ya damu, tunda mai sauraron rediyo ba ya ganin baki.

Ajalinsa ta hanyar ci gaba ya biyo. Gidan ya buɗe sashen talabijin, aka ce mutum ɗaya za a ɗauka ya karanta labarai, kuma sai an gwada kowa a gaban kyamara. Mai Labarai ya yi wa madubin banɗaki murmushi, ya ga yadda haƙoransa suka rine. Ƙanin matarsa, wanda babu cutar da bai san maganinta ba, ya kawo masa man sa haƙori fari da 'yar robar da ake cusawa a baki. Ya ce, "Yaya, kwana kaɗan, in ka yi dariya sai mutane sun kare ido."

Haƙoran kuwa suka yi fari. Marigayin ne kaɗai ya ƙi, don maganin ba ya cin irinsa. Ya tsaya a tsakiya da launinsa na da, kamar tsohon bulo a sabon gini. Maimakon ya nemi likita, Mai Labarai ya ƙara yawan man, ya ninka lokacin. Haƙora suka fara tsami, ruwan sanyi ya zama abin gudu, iska ma in ta shiga sai ya runtse ido. Gefen marigayin ya yi kaushi, harshe ya riƙa kai masa dubiya ba dare ba rana. Maiɗakinsa ta ce, "Malam, ka bar abin nan haka. Bakinka ne fa, ba bango ba." Bai ji ba. Jiya yana gatsar ɓawon burodi aka ji "ƙas", sai ga marigayin a tafin hannunsa.

Ya rasu ya bar rabin haƙori ɗaya, da maƙwabta farare tas masu ciwo, da harshen da ya rasa inda zai sa kansa. Ya kuma bar gurbi, kuma gurbin fito yake yi. Mai Labarai ya ce wa maiɗakinsa "sannu", kyanwar gidan ta ɗaga kai. Nan tsoro ya kama shi sosai, don yanzu ba talabijin kaɗai ba, rediyon ma tana rawa.

An garzaya wurin likita. Ya leƙa, ya girgiza kai. "Ba zan sa sabo yanzu ba. Sai maganin ya gama fita daga haƙorin, in ba haka ba cikon ba zai kama ba. Ka ba ni mako biyu."

"Likita, gwajin jibi ne!"

Likitan ya liƙa masa na wucin gadi, ya yi masa fatan alheri. Na wucin gadin ko gida bai kai ba.

An killace marigayin a kwalin ashana. Za a binne shi gobe da la'asar a gindin tukunyar fulawa ta ƙofar ɗaki, bayan mai shi ya dawo daga gwaji, idan ya dawo da ƙafarsa. Ana karɓar gaisuwa a falo, da ɗaga hannu kawai. Kada a kawo ruwan sanyi, kada a ba da dariya, kuma an roƙi ƙanin matar ya yi tasa gaisuwar ta waya. Masu addu'a su fara tun da safe, domin an riga an aiko wa Mai Labarai abin da zai karanta a gaban kyamara: sauyin farashin siminti da sukari a sassan kasuwanni.