Wankan Kwalba Ɗaya

"Duk faɗin Jos, daga Ali Kazaure har Kwararafa, babu mai yin wanka da ruwa kwalba ɗaya har ya rage sai ni Gwadabe!" Da bakin nan nawa na faɗa, a tsakiyar ofis, ina dukan ƙirji. Gyara zama, abokina, ka sha labarin sakarai daga bakin sakaran.

A shekarar saba'in da takwas ina akawu a wani kamfanin kayan gona, ga sabon kekena ina ji da shi. Garin da sanyi, amma hawan tudunsa ba ya raga wa kowa, kafin in kai ofis na jiƙe sharkaf. Famfon ofis kuwa sai ya ga dama yake kawo ruwa. Sai na ƙirƙiro dabara: ruwa a kwalbar lemo, tsumma daga tsohon zanen matata Safara'u, da ɓarin lemon tsami na hammata. Ba sabulu, ba turare, ba ɓarna. Har lacca nake yi wa mutane a kai.

Ran nan manajanmu, Oga Charles, ya ce washegari zai zaɓi wanda zai zauna teburin gaba yana tarbar baƙi, da ƙarin albashi. Mu biyu ke nema, ni da Nkoli mai buga tafireta.

"Wanda ya fi tsafta shi zan ba," in ji shi.

Na dubi Nkoli na ce, "Madam, ki yi haƙuri tun yanzu."

Da safe na tashi da mura, hanci a toshe kamar an liƙa masa siminti. Na aske hammata ƙal, na suri kwalba a bakin kicin, na taka keke sai ka ce ana bi na. Ina isa na faɗa sito na kulle, na rataye farar rigata a taga ta sha iska. Na tuttula a tsumma, na goge wuya, ƙirji, baya, har bayan kunne. Na ji jikina ya ɗau zafi, na ce ai ƙarfin jini ne.

Chuwang mai kula da sito ya buga ƙofa.

"Malam Gwadabe, wa ya fasa galan a ciki?"

"Wane galan? Wanka nake."

"Da kananzir kana wanka?"

Na ɗaga kwalbar na duba. Innalillahi! Kwalbar Safara'u na ɗauko. Amma gwani ba ya ruɗewa. Na ce lemon tsami zai kashe warin, na matse shi a sabon aski. Ihun da na yi, in ji Chuwang, har mahautan Abattoir sai da suka ajiye wuƙa.

Na buɗe ƙofa ina rawa da hannuwa a sama. "Ruwa, Chuwang!"

"Famfo ba ruwa tun jiya. Sai shayi na."

Da guntun shayinsa na wanke hammata, da madara da sukari. Na juya in ɗauki riga, babu riga. Iska ta jefa ta titi, ga garken shanu ana kora su mahauta, kowace saniya sai da ta sa mata hannu. Chuwang ya huda buhun taki ya zura mini, kai ta sama, hannuwa ta gefe. Ina fitowa ƙudaje suka yi mini rakiya saboda sukarin, suna matsowa kananzir na korar su.

Sai ga Oga Charles, sigari a baki, yana ƙyasta ashana.

"Gwadabe, wetin be dis?"

Ban san lokacin da na yi tsalle na kaɗe ashanar ba. Hannu ya zarce, sigari ta yi gabas, tabarau ya yi yamma.

"Ranka ya daɗe, kada ka kunna! Zan tashi da kai!"

Nkoli ta toshe hanci da hankici. "Malam Gwadabe, ka yi haƙuri tun yanzu," ta ce, ta ja kujerar teburin gaba ta zauna. Ni kuwa Oga ya ce in tafi gida, kada in bi ta kusa da mai tsire.

Haka na tako keke cikin buhu, jama'a na tambaya ko nawa ne takin. Na tarar da Safara'u a tsugune gaban risho, ta kusa ƙarar da ashana kwali guda.

"Maigida, wani la'ananne ya sayar mini da ruwa a madadin kananzir. Na juye duka a risho, tun safe ko shayi ban sha ba."

Ta shaƙi iska, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta sake shaƙa. Sai ta ɗora tukunya, ta gyara mata zama, ta zaro ashanar ƙarshe.

"To, matso ka shiga ƙarƙashi. Yau da kai za mu yi girki."